Yadda na tsara dokar kalmar sirri a kwamfutocin Ubuntu, da wuraren da aikin ya cije

Aikin ya faro ne daga wata takarda mai layi huɗu da ta fito daga ofishin shugaban cibiyar da nake kula wa da kwamfutoci. Ta ce kowa ya riƙa canza kalmar sirrinsa duk kwana 30, kada kalmar ta zama gajera, wanda ya bar aiki a rufe asusunsa, wanda kuma ya yi ta kuskure wajen shiga a dakatar da shi. A ido aikin yini ɗaya ne. A aikace sai da ya ci mako biyu, kuma yawancin lokacin ya tafi ne wajen gane cewa a Linux babu wani wuri guda da ake rubuta dokar kalmar sirri a gama. Wurare uku ne, kowanne da iyakar ikonsa: fayil ɗin /etc/login.defs, fayil ɗin /etc/shadow, da tsarin tantance masu shiga da ake kira PAM. Abin da muke da shi saba ɗaya ce, wato babbar kwamfutar da kowa ke aiki a kanta, mai Ubuntu 22.04 wadda ake shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, sai kwamfutocin tebur shida masu asusun kansu. Abin da zan bayyana ya shafi Ubuntu da Debian. Masu Fedora ko Red Hat ƙa'idar ɗaya ce, amma fayilolinsu na PAM suna da wasu sunaye, system-auth da password-auth.

Ranar farko ban canza komai ba. Na je ofishin ma'aikata na karɓi jerin sunayen waɗanda ke aiki a halin yanzu, da sa hannun mai kula da ofishin, domin rufe asusun mutum ba abu ba ne da mai kula da kwamfuta zai yi da ra'ayin kansa. Takardar ta ɗauki kwana biyu kafin ta fito, kuma jiran ya yi amfani. Da ta zo na ɗora ta a kan abin da ke cikin /etc/passwd. A Ubuntu asusun mutane suna farawa ne daga lamba 1000 zuwa sama, na ƙasa da haka na manhajojin tsarin ne, ba a taɓa su. Umarnin sudo passwd -S -a (sudo shi ke ba umarni ikon mai kula da tsarin) yana jero kowane asusu da matsayinsa: P na nufin akwai kalmar sirri mai aiki, L na nufin a kulle take, NP na nufin babu kalmar sirri sam. Na samu asusun mutane 31, alhali sunayen da ke takarda 24 ne. Biyu daga cikin asusun suna da NP. Wannan ya tayar mini da hankali, domin layin pam_unix na Ubuntu, sashen PAM da ke tantance kalmar sirri, yana zuwa da kalmar nullok, wadda ke barin irin wannan asusu ya shiga ba tare da an buga komai ba idan mutum yana zaune gaban injin. Ta SSH ba ya shiga, saboda sshd, manhajar da ke karɓar masu shiga ta SSH, ba ya karɓar kalmar sirri fanko sai an ba shi izini, amma ƙofar ɗakin sabarmu ba kullum take a kulle ba. Nan take na kulle su biyun da passwd -l.

Wanda zai yi wannan aiki ya zauna ya karanta /etc/shadow da idonsa ko sau ɗaya, domin duk abin da zai biyo baya a nan yake sauka. Kowane layi gida tara ne, an raba su da ɗigo biyu. Na farko sunan asusu. Na biyu kalmar sirri bayan an niƙa ta, kuma kamar garin da ba ya komawa tsaba, ba a iya juya ta a karanta. Abin da kwamfuta take yi shi ne ta niƙa abin da ka buga ta gwada da wanda ta ajiye. Farkon wannan gida yana nuna irin niƙan: $6$ shi ne SHA-512, $y$ shi ne yescrypt wanda Ubuntu 22.04 take amfani da shi, $1$ kuma tsohon MD5 ne wanda bai kamata a gan shi a injin yau ba. Gida na uku ranar da aka canza kalmar a ƙarshe, amma ba a rubuce da wata da shekara ba, ƙidayar kwanaki ce tun daga 1 ga Janairu 1970, ta yadda 19723 ke nufin 1 ga Janairu 2024. Sai mafi ƙarancin kwanakin da za a jira kafin a sake canzawa, mafi yawan kwanakin da kalmar za ta yi, kwanakin gargaɗi, kwanakin alfarma bayan wa'adi ya cika, da ranar da asusun kansa zai mutu. Na tara ajiye yake ba a amfani da shi. A sabarmu yawancin layuka $6$ ne, saboda an ɗaga injin daga tsohuwar Ubuntu, kuma niƙan ba ya sabunta kansa sai mutum ya canza kalmarsa. Kafin in ci gaba na kwafi /etc/shadow da /etc/login.defs da manyan jakunkunan /etc/pam.d da /etc/security da cp -a zuwa cikin /root. Ban ɗora su a filashi ba, domin duk wanda ya tsinci kwafin shadow zai iya zama a gidansa ya yi ta gwajin kalmomi ba tare da wani ya gan shi ba.

Mataki na gaba zama ne da shugaba a kan maganar kwana 30, kuma ina ganin shi ne mafi muhimmancin abin da na yi a duk aikin. Na ce masa, ranka ya daɗe, idan muka tilasta canji duk wata, abin da za mu samu shi ne kalma ɗaya da ake ƙara wa lamba a ƙarshe, da takardu manne a ƙarƙashin kibod. Ba ra'ayina kaɗai ba ne. Hukumar NIST ta Amurka mai tsara ma'aunan fasaha, a ƙa'idarta mai lamba SP 800-63B ta 2017, ta ba da shawarar a daina tilasta canjin kalmar sirri lokaci zuwa lokaci sai in akwai alamar an sace ta, a daina dole sai an cakuɗa babban baƙi da ƙarami da alama, a mai da hankali ga tsawo da kuma hana kalmomin da aka san mutane suna yawan zaɓa. Bill Burr, wanda ya rubuta tsohuwar shawarar hukumar tun 2003, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal a 2017 cewa yana nadamar mafi yawanta. Kamfanin Microsoft ma ya cire wa'adin kalmar sirri daga shawarwarinsa na tsaron Windows a 2019. Shugaba ya saurara, amma ya ce masu binciken da ke zuwa duba cibiyar suna neman su ga wa'adi a rubuce. Muka tsaya a kan kwana 180, da tsawon baƙaƙe 12 aƙalla. Na nemi a sake buga takardar da sabbin lambobin ya sa hannu, don kada gobe a ce ni na sassauta.

Daga nan na buɗe /etc/login.defs. Layuka uku ne suka shafe mu: PASS_MAX_DAYS da yake 99999, wato babu wa'adi, PASS_MIN_DAYS da yake 0, da PASS_WARN_AGE da yake 7. Na mayar da su 180 da 1 da 14. Da na duba wani asusu da chage -l (chage shi ne umarnin duba wa'adin kalmar sirri da canza shi) sai na ga har yanzu yana cewa never a gaban ranar cikar wa'adi. A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Wannan fayil ba doka ba ce da ake karantawa duk lokacin da mutum zai shiga, ma'auni ne da ake kwafa cikin shadow a ranar da aka ƙirƙiri sabon asusu kawai. Tsofaffin asusu sai an bi su da chage. Amma ban yi hakan a ranar ba, domin idan ka tilasta wa mutane canji kafin ka kafa ma'aunin inganci, za su zaɓi kalmomi marasa ƙarfi, su kuma zauna da su har wata shida.

Saboda haka na fara da inganci. Na sauko da libpam-pwquality da libpwquality-tools ta apt, ƙananan manhajoji ne kyauta da ba su cin data. Da zarar an girka na farkon, layin pam_pwquality.so retry=3 yana shiga /etc/pam.d/common-password da kansa. Sauran saituttukan ana rubuta su a /etc/security/pwquality.conf, inda kusan kowane layi yake zuwa da alamar # a gabansa, kuma sai an cire ta layin yake aiki. Na sa minlen = 12, minclass = 2 domin kada kalmar ta zama lambobi zalla, maxrepeat = 3 domin hana jera baƙi ɗaya fiye da sau uku, difok = 4 domin sabuwa ta bambanta da tsohuwa, sai usercheck = 1 da gecoscheck = 1 da ke hana mutum sa sunan asusunsa ko cikakken sunansa. Akwai dcredit da ucredit da lcredit da ocredit, waɗanda idan aka ba su -1 sukan wajabta lamba, babban baƙi, ƙaramin baƙi da alama. Da gangan na bar su a sifili. Gwajin farko ya so ya ruɗe ni: na buga sudo passwd a kan asusun gwaji, na ba shi kalma mai baƙi biyar, injin ya rubuta BAD PASSWORD, amma da na maimaita ta sai ya karɓa. Dalili shi ne sudo da ikon root yake aiki, wato babban asusun da ke da iko a kan komai, shi kuwa root gargaɗi kawai ake yi masa, ba a hana shi, sai an ƙara layin enforce_for_root. Gwaji na gaskiya shi ne ka shiga a matsayin mai asusun da su - sannan ka buga passwd babu sudo.

A nan ne na ga wani giɓi da ya shafe mu kai tsaye. Binciken ƙamus da pwquality ke yi yana dogara ne da jerin kalmomin cracklib, kuma jerin na Turanci ne. Bai san Hausa ba, bai san kalmomin addini da ke bakin kowa ba, bai san sunayen unguwanni ba. Na gwada da pwscore, wanda ke karɓar kalma ya ba ta maki daga 0 zuwa 100 ko ya faɗi dalilin ƙin ta, na ga sunan garinmu haɗe da shekara da wata sananniyar addu'a suna wucewa sumul, alhali su ne farkon abin da wanda ya san mu zai gwada. Maganinsa layin badwords ne: ana jera kalmomi da tazara a tsakaninsu, duk wadda ta wuce baƙi uku za a hana ta bayyana a ko'ina cikin kalmar sirri. Na sa sunan cibiyar da taƙaitaccensa, sunan gari da unguwa, da kalmomin addu'a biyar da na san za a fi ɗauka. Ban tsawaita jerin ba, domin idan ya yi yawa zai riƙa ƙin dogayen jimloli masu kyau saboda wata 'yar kalma da ta faɗo ciki. Abin da injin ba zai iya kamawa ba shi ne lambar waya. Lambar wayar Najeriya lamba 11 ce, mutum ya ƙara baƙi ɗaya ya cika 12, ya kuma cika sharaɗin nau'i biyu. Wannan sai da baki na hana shi. Abin da na koya wa mutane shi ne su haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, irin su tulu da jirgi da hazo da tsintsiya, da wata alama a tsakani. Kada ya zama karin magana, ko aya, ko baitin waƙa, domin duk jimlar da aka haddace a gari ba sirri ba ce.

Don hana komawa tsohuwar kalma na ƙara layin password required pam_pwhistory.so remember=5 use_authtok a common-password, tsakanin layin pwquality da na pam_unix. Yana ajiye niƙaƙƙun tsofaffin kalmomi a /etc/security/opasswd. Amfanin kwana ɗayan da na sa a PASS_MIN_DAYS ke nan: ba don shi ba, mai wayo zai canza sau shida cikin minti biyu ya dawo kan kalmarsa ta da.

Sai dakatar da mai yawan kuskure, kuma a nan aikin ya fi cijewa. Bayanai da yawa da ke yawo suna koyar da pam_tally2, wanda yake a Ubuntu 20.04 amma babu shi a 22.04, wanda ya maye gurbinsa shi ne pam_faillock. Duk wanda ya kwafi layin tally2 ya liƙa a sabon inji ya jawo wa kansa wahala. Na yi gwajin ne a wata tsohuwar kwamfuta da na ɗora wa irin Ubuntu ɗin sabar, kuma Allah Ya taimake ni da na yi haka. A /etc/pam.d/common-auth layuka uku ne ke jere: pam_unix, sai pam_deny, sai pam_permit. A layin pam_unix akwai success=1, ma'anarsa idan kalmar ta yi daidai a tsallake layi ɗaya, wato a tsallake pam_deny a sauka kan pam_permit. Na sa auth required pam_faillock.so preauth a saman pam_unix, na sa wani layin pam_faillock, na authfail, mai default=die cikin baka mai kusurwa a ƙasansa, na adana, na fita don in gwada. Babu asusun da ya sake shiga, har nawa, kuma sudo ma ya daina karɓa. Tsalle ɗayan nan yanzu layin authfail yake tsallakewa, ya dire kan pam_deny, don haka kalma daidai ma ƙi ake yi. Gyaran baƙi ɗaya ne, a mayar da success=1 ya zama success=2. Sannan a ƙara account required pam_faillock.so a /etc/pam.d/common-account, domin ƙidayar kuskure ta koma sifili idan mutum ya shiga lafiya. Kada kowa ya haddace lambar 2 ɗin nan. A injin da ke da layin pam_sss ko wani makamancinsa lambar daban take, dole ka ƙirga layukan da ke tsakanin pam_unix da pam_permit da yatsanka.

Hanyar komawa cikin injin da ya kulle kansa ita ce a sake kunna shi, a riƙe Shift idan tsohon BIOS ne ko a danna Esc idan UEFI ne, har jerin GRUB, manhajar da ke tayar da tsarin, ya fito. A zaɓi Advanced options, sai layin recovery mode, sai root. Idan faifan ya hau a yanayin karatu kawai, duk abin da ka rubuta ba zai adanu ba, passwd kuma zai ce Authentication token manipulation error. Sai ka buga mount -o remount,rw / tukuna. Na mayar da kwafin common-auth da na ajiye, na sake kunnawa. Abin ya ci kusan minti 40. Da a saba ne, kuma da ina nesa da ita, da aikin cibiyar ya tsaya har sai na iso. Da na zo yin na sabar sai na buɗe taga biyu: ɗaya na shiga root da sudo -i na bar ta a buɗe ban taɓa ta ba, ɗaya kuma nake gwaji da ita. Tagar da ta riga ta shiga ba ruwanta da abin da ka lalata a PAM, da ita za ka gyara. Kada ka dogara da cewa sudo yana tuna ka na minti 15, buɗaɗɗiyar tagar root ita ce abin dogaro.

Lambobin dakatarwar suna /etc/security/faillock.conf. Na sa deny = 5, fail_interval = 900, unlock_time = 600, wato kuskure biyar cikin minti 15 ya jawo dakatarwar minti 10. Shugaba ya so a kulle har sai mutum ya zo wurina, na nuna masa cewa hakan zai ba duk wani mai mugun nufi damar kulle ma'aikata duka ta hanyar buga shirme a sunayensu. Wani abu da ya shafi yanayin wutarmu: faillock yana ajiye ƙidayarsa ne a /run/faillock, wurin da ke shafewa duk lokacin da injin ya mutu ya tashi. Inda ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, gara a sa dir = /var/lib/faillock domin ƙidayar ta tsira. Ana ganin kuskuren mutum da faillock --user da sunansa, ana share shi da ƙarin --reset.

Sai a rana ta tara na koma kan chage. Umarnin da na ba kowane asusun mutum shi ne chage -M 180 -m 1 -W 14 -I 30 -d 0 da sunan asusun. Wannan -d 0 ɗin ba ado ba ne. Yana tilasta canji a shiga ta gaba, kuma yana kare mutum daga wani tarko: wanda ya shekara biyu bai canza kalmarsa ba, idan ka sa masa wa'adin 180 da alfarmar 30 kawai, lissafi zai nuna ya riga ya wuce duka biyun, sai injin ya ce asusunsa ya mutu ya nemi mai kula da tsarin, ba zai ma ba shi damar canzawa ba. Kuskuren da na yi a nan shi ne na haɗa da asusun da ke kwafe bayanai kullum da dare. Kwana biyu babu kwafi. A /var/log/auth.log na ga dalili: cron, manhajar da ke gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara musu, ita ma tana bi ta PAM, kuma ba ta gudanar da aikin asusun da ake bin sa bashin canjin kalmar sirri. Irin waɗannan asusun aiki ba a sa musu wa'adi. Na gyara shi da chage -M -1, na sa masa ranar yau da -d, na kulle kalmarsa da passwd -l tunda ba mutum ke shiga da shi ba.

Ranar da mutane suka fara canzawa na zauna a ofis tun safe, kuma koke-koken sun zo iri huɗu. Na farko, Linux ba ya nuna komai a lokacin da ake buga kalmar sirri a tagar umarni, ko tauraro, sai mutane su ɗauka kibod ya mutu. Na biyu, tambayar farko Current password ce, tsohuwar kalma ake nema, amma rabin mutane sabuwa suke bugawa. Kuma bayan an canza ta SSH haɗin yana yankewa da kansa, sai an sake shiga, wannan ba matsala ba ce. Na uku shi ne kibod. Kwamfutocinmu 'yan gwanjo ne, wasu da kibod irin na Ingila wasu irin na Amurka, kuma alamar @ da alamar zance biyu musayar gurbi suke yi tsakanin tsarin biyu, # ma ba wuri ɗaya take ba. Hajiyar da ke kula da kuɗi ta sa @ a kalmarta a kwamfuta ɗaya, ta koma wata ta buga sau biyar aka dakatar da ita, kuma a lokacin dakatarwa ko kalma daidai ba ta shiga, sai ta tabbata ta manta. Tun daga nan nake ba da shawarar a yi amfani da ɗigo ko waƙafi, waɗanda gurbinsu ɗaya ne a tsarin biyu. Haka ma baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ: suna shiga a inda aka girka kibod ɗin Hausa, amma a baƙin allon shiga na saba babu yadda za ka buga su. A rubuta kalmomin Hausa da baƙaƙe marasa lanƙwasa.

Na huɗu ya shafi waɗanda suka manta tsohuwar kalma gaba ɗaya. Idan ka sa wa mutum ta wucin gadi da sudo passwd, ranar canji ta zama yau, kuma saboda kwana ɗayan nan na jira zai ga saƙon You must wait longer to change your password idan ya zo sa tasa. Dole ka bi da passwd -e nan take. A kwamfutocin tebur kuma akwai jakar makullai ta GNOME, inda ake ajiye kalmomin shafukan intanet da makamantansu. A kulle take da tsohuwar kalmar shiga. Idan mutum ya canza da kansa tana bin sa, idan kai ka sake masa ba ta sani ba, sai ta yi ta tambayar tsohuwar. Wanda bai tuna ba sai a kawar da fayil ɗin login.keyring da ke .local/share/keyrings, abin da ke ciki kuma ya tafi ke nan. A gaya wa mutum wannan kafin a sake masa kalma. Ɗaya daga cikin kwamfutocin kuma kwanan watanta yana komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, saboda ƙaramin batirin CR2032 da ke riƙe agogon cikinta ya mutu. Duk lissafin wa'adi a kan agogon inji yake, don haka na sayo sabon batiri, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, na duba timedatectl na tabbatar agogon yana daidaita kansa ta intanet.

Asusu bakwai na waɗanda suka bar aiki na bari ƙarshe, bayan an ba ni izini a rubuce. Abin lura shi ne passwd -l alamar motsin rai kawai yake sawa a gaban niƙaƙƙiyar kalmar. Wanda ke da makullin SSH a fayil ɗin authorized_keys zai ci gaba da shiga abinsa, kuma biyu daga cikin bakwai ɗin suna da shi. Abin da ke rufe ƙofar duka shi ne usermod -e 1, wanda ke kashe asusun kansa. Na cire su daga rukunin sudo da gpasswd -d, na duba ko akwai wani aikinsu da ke gudana ko crontab, wato jerin ayyukan cron, da suka bari. Ban goge asusun ba, domin akwai fayilolin aiki a ciki da sai an miƙa wa magadansu a ofis.

Da zan sake wannan aiki, jerin da zan bi shi ne ƙidayar asusu da kwafin ajiya, sai yarjejeniya a rubuce kan lambobin, sai pwquality da pwhistory, sai faillock a injin gwaji tukuna, sai login.defs, sannan chage a ƙarshe, rukuni rukuni na mutum biyar ko shida a rana maimakon kowa a lokaci guda. Zan kuma tara mutane na minti 20 kafin ranar in nuna musu allon da za su gani. Ƙa'idar da muka kafa kan sake kalma ita ce ba a yin ta ta waya ko ta WhatsApp, komai gaggawa kuma ko wane ne ya kira. Mutum ya zo da ƙafarsa, a ba shi ta wucin gadi, ya canza a gabana ba tare da na kalli yatsunsa ba. A sani kuma pam-auth-update, wanda ke kula da fayilolin common ɗin nan, zai lura an taɓa su da hannu ya tambaya ko ya mayar da nasa. Wanda ya amsa da e ya shafe layukan da ya ƙara, don haka a ajiye kwafin gyararrun fayilolin ma.

Abu ɗaya da har yanzu yake a buɗe shi ne hanyar da na bi ta GRUB. Asusun root na Ubuntu a kulle yake zuwa, saboda haka recovery mode bai tambaye ni komai ba, kuma haka zai yi wa duk wanda ya zauna gaban injin da kibod. A yanzu mun sa kwaɗo a ƙofar ɗakin sabar, mun sa kalmar sirri a BIOS, na rubuta ta tare da ta wani asusun gaggawa mai ikon sudo, an rufe a ambulan an ajiye a akwatin ƙarfen ofishin shugaba, da sharaɗin duk ranar da aka buɗe ambulan ɗin a canza su. Kalmar sirri ta GRUB da rufe faifai da LUKS, tsarin da ke ɓoye duk abin da ke kan faifai sai an buga kalmar buɗewa, na bar su sai hutun ƙarshen zango, domin hanya mafi sauƙi ta sa LUKS ita ce a sake girka tsarin daga farko, kuma sai mun yanke shawarar wanda zai riƙa buga kalmar buɗe faifan duk lokacin da wuta ta dawo.